Susar Ƙafar Baba

Ranar Talata ce, kuma tun kafin gari ya gama wayewa sama ta ɓalle da ruwa, irin mai sauka a tsaye ba iska, wanda kana ganinsa ka san ba yanzu zai ɗauke ba. Kafin ƙarfe bakwai layin gidan su Auta ya zama rafi. Kwata ta cika ta tumbatsa, ledoji da robobi suna ta wucewa ta ƙofar gida kamar masu sammakon kasuwa.

A ranar ne za a kai Baba asibiti. Wata biyar ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma gurnani, in ban da kalma ɗaya ko biyu da Umma kaɗai ke iya tsinta. Babban likitan jijiya sau ɗaya yake zuwa a wata uku, kuma an rubuta musu a kati da jan biro cewa duk wanda sha biyun rana ta yi masa a waje, sai wani zuwan. Umma ta haɗa katin da hotunan kai da takardun gwaji a babbar ambulan, tun jiya ta cusa ta a aljihun bayan kujerar direba don kada a manta.

Ba mai tasin da zai shigo layin a wannan ruwa, kuma ba a ɗora Baba a babur. Abin da ya rage shi ne tsohuwar jif ɗinsa, wadda ke tsaye a rumfar kwano a tsakar gida. Ta girmi Auta da shekara biyu. Baba ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa, yana da dokoki a kanta da ba a takewa: ba ta kwana tanki bai cika ba, ba a buga mata ƙofa, kuma Auta ba ya taɓa ta. Wannan ta ƙarshe ta samo asali ne tun yana shekara sha shida, ranar da ya saci makulli ya je ya rungumi katangar makwabta da ita. Bayan nan ya sake satar makullin ya fi sau biyar, amma ko sau ɗaya ba ta tashi a hannunsa ba. Sai ta yi ta gurnani har ya gaji ya fito. Baba kuwa in ya shiga, sai ya gyara zama, ya sunkuya ya sosa idon sawunsa na hagu, ya murɗa makulli, ta kama kamar ana jiranta. Har tsokana ake yi a gidan, a ce motar ba ta tashi sai Baba ya yi susa. Da ciwo ya kwantar da shi, dokar ta mutu da kanta, motar kuma ta daina yi wa Auta gardama. Shi dai ya ɗauka ta gane ba ta da wani uban gida ne yanzu.

Bakwai da rabi ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Ya sake na uku har batir ya fara nishi. Ya kashe, ya murɗa zuwa rabi, ya kasa kunne ta baya. Famfon mai na cikin tanki ya saba yin wani ɗan kuka kamar na sauro kafin a tayar, yau shiru.

Yaya, babbar 'yar gidan, wadda ta zo daga gidan mijinta jiya don rakiya, ta leƙo daga baranda da mayafi a ka. Ita ta wanke motar jiya da yamma, ta share cikinta tas har ƙarƙashin kujeru, don a cewarta ba za a kai Baba gaban likita a cikin kwandon shara ba.

"Injiniya, yaya dai? Ko sai mun tura ka?"

Auta bai kula ta ba. Gareji uku ya yi a rayuwarsa, bai kai ƙarshen ko ɗaya ba, amma ya san abin da shirun famfon yake nufi. Ya buɗe akwatin fiyus ya zare na famfo, ya ɗaga shi a haske, lafiyarsa ƙalau. Ya ɗauki guntun katako ya kwanta a ƙasa ya bubbuga tanki, ya dawo ya gwada. Shiru. Ya ce wa Umma famfo ne ya mutu, dama ya kwana biyu yana jin kukansa ya canja. Umma ta tambaya ko a kira tsohon ubangidansa na gareji. An kira, mutumin ya ce ruwa ya tare shi, ko jirgi aka aiko masa sai ya tsagaita. Auta ya ji wani ɗan daɗi a ransa da bai nuna ba. Ya ce aikin awa ɗaya ne, shi zai yi.

Akwai ɗan ƙwan fitila mai waya biyu da makanikai ke gwada wuta da shi kafin su yanke wa famfo hukunci. Auta ya san da shi. Nasa yana gidan wani aboki, kuma agogo ya riga ya ce takwas saura. Ya naɗe wando ya faɗa ruwa neman sabon famfo.

Tara da minti ashirin ya dawo, jiƙe har wuya, da sabon famfo a leda a cikin riga. Shaguna biyu ya tarar a rufe, na uku sai da ya buga wa mai shi ƙofar gida. Wayarsa ta sha ruwa ta ɗauke. Ya samu an riga an yi wa Baba wanka an sa masa farar riga, an turo shi baranda a keken marasa lafiya, taku huɗu daga motar, da bargo a ƙafafunsa. Da Baba ya ga ledar, sai ya fara gurnani yana girgiza kai.

"Yanzun nan, Baba. Kafin goma da rabi muna hanya."

Ya ɗage kujerar baya ya kifa ta gaba, ya yaye kafet. Murfin da ake isa ga famfon ta cikinsa yana nan, faranti na ƙarfe da sukurori shida. Ya tuna abin da ake fara yi: a cire kan batir. Ya buɗe bonet ya duba, sai ya ga kan ya ci tsatsa, an kuma danna masa ƙusa a gefe don ya kama. In ya cire shi, mayarwa kaɗai zai ci minti ashirin. Ya rufe bonet. Ya zare fiyus ɗin famfo ya jefa a aljihu, ya ce a ransa ai duk ɗaya ne, ba fiyus ba wuta. Sai ya murɗa makulli zuwa rabi ya sauke gilasai don warin mai ya fita, kuma ya bar shi a haka, saboda agogon gaban sitiyari ba ya nunawa sai da makulli, shi kuwa yana son idonsa a kan lokaci.

Sukurori biyar sun fita ba gardama. Na shida kansa ya cinye, sai da ya kama shi da filaya yana juyawa kaɗan-kaɗan, gumi na haɗuwa da ruwan da ke ɗiga daga gashinsa. Tara da minti arba'in da biyar. Da ya ɗaga murfin ya zare tiyo, ya kwance zoben da ya riƙe famfon, warin fetur ya buge shi har idonsa ya kawo ruwa. Tankin a cike yake taf, shi da kansa ya cika shi jiya, don ko Baba ba ya magana dokarsa tana nan. Man yana rawa a bakin ramin, yatsa ɗaya tsakaninsa da waje.

Daga baranda gurnanin Baba ya ƙaru. Auta ya ɗago ya gan shi ya sunkuya iya yadda zai iya, yana miƙa hannunsa mai lafiya zuwa idon sawunsa yana susa, sannan ya ɗago ya nuna motar. Umma ta ce ƙaiƙayi ne, safar nan ce ta matse shi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko man shafawa, ta durƙusa ta cire safar ta fara mulka masa. Baba ya janye ƙafar da ƙarfin da ba a san yana da shi ba, har robar man ta faɗi.

"Haba Malam, yau kuma da ni ake faɗan? To ba ga shi yaron yana yi ba."

Auta ya ji maganar ta soke shi ta wani gefen. Ya tabbata abin da Baba ke cewa shi ne a raba wannan yaro da motata. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba, kunnuwansa na zafi. Ya zaro tsohon famfon yana ɗigar mai, ya kwantar da shi a tsumma a ƙasa. A nan ya lura da wani abu. Wayar da ke kawo wa famfon wuta ba irin ta kamfani ba ce. Wata ja ce mai kauri, irin ta wutar gida, an naɗe mahaɗinta da baƙin salatif, ta bi ta ƙarƙashin kafet ta yi gaba. Ta kamfanin kuwa an datse ta an lanƙwashe. Ya tsaya kallonta kamar na numfashi biyu. Goma da minti goma. Ya ce tsohuwar mota ce, wane irin ɗinki ne ba a yi mata ba, ya wuce.

Soket ɗin jona wayoyi na sabon famfon bai yi daidai da na tsohon ba. Mai shagon ya rantse masa iri ɗaya ne. Auta ya zage shi a zuci, ya yanke soket ɗin, ya feƙe wayoyin da haƙori. Zai haɗa su da hannu ya naɗe da salatif, haka ake yi a ko'ina. Ya ɗaura sabon famfon a mariƙinsa, ya zura shi cikin tanki rabi, ya tokare shi da gwiwa. Tiyon bai mayar ba tukuna, sai ya gama da waya.

Yaya tana tsaye a bayan keken Baba, hannu a ƙugu, tana kallon tsohon yana maimaita abu ɗaya: susa, nuni, susa, nuni. Idonsa ya yi ja, miyau na zuba a gefen bakinsa. Can sai ta sauke hannunta a hankali. Ta ce wa Umma, ba da ƙarfi ba, jiya da tana shara tsintsiya ta maƙale a wani abu a ƙarƙashin kujerar direba, ta gefen hagu, ta fizgo ta, ta ji ya yi ƙas. Ta ɗauka wani ƙarfen kujera ne.

Baba ya saki wani dogon numfashi, ya gyaɗa kai sau uku. Sannan ya ga ta nufi motar, sai ya buɗe ido ya daki hannun keken, yana gurnani fiye da na ɗazu. Ta ɗauka ƙarfafa mata gwiwa yake yi.

Auta yana durƙushe a baya, kansa a sunkuye, ya gama murɗa baƙar wayar, yana cikin murɗa jar da yatsu biyu. Ya ji an buɗe ƙofar direba, ya ji motar ta ɗan lotsa.

"Yaya, don Allah fita, kina girgiza min abu."

"Tsaya ka ga ikon Allah, Injiniya. Ashe susar Baba ba ta banza ba ce."

Ya ji ƙas.

Famfon ya yi kuka a ƙarƙashin gwiwarsa. Fetur ya yi tsiri daga bakin da ba tiyo, ya daki bayan kujerar direba, ya fantsamo masa a hannu da riga. Ya zabura, jar wayar ta suɓuce rabi, ya ga ɗan tartsatsi shuɗi ƙarami kamar ƙwayar gero. Sai wani sauti mai taushi, kamar an kaɗa babban zane, kuma duk bayan motar ya zama wuta.

Bai san yadda ya fito ba. Ya tsinci kansa a ƙasa a gefen taya, hannun rigarsa na ci, ya tsoma shi a ruwan da ya kwanta a tsakar gida. Yaya ta diro ta ɗaya ƙofar tana salati. Ta cikin ƙarar ruwan sama a kan kwano yana jin famfon bai daina kuka ba. Siraran wayoyin sun manne, yana ta ɗebo mai daga cikakken tanki yana watsa wa wutar. Baba kuma yana taku huɗu daga wurin, a keken da aka ja wa birki.

"Makulli, Yaya. Kashe makulli."

Ta yi taku ɗaya, zafin ya mayar da ita, bayan kujerar direban ya riga ya kama. Ya ce mata to ta janye Baba. Ta ruga ta kama keken tana turawa, ya ƙi motsi, ta manta da birkin, har sai da Umma ta buge shi da ƙafa. Umma ta fizge bargon daga ƙafafun Baba, ta dulmiya shi a duron da ke tarar ruwan indararo, ta jefo wa Auta. Bai taɓa ganin ta yi abu da sauri haka ba. Yaya ta tura keken cikin ruwan sama har bakin ƙofar gida.

Auta ya yafa jiƙaƙƙen bargon a ka da kafaɗa, ya ja numfashi ya riƙe, ya shiga ta ƙofar baya. Bai ga komai ba sai ja da baƙi. Ya laluba da hannun dama inda ya san wayar take, ya kama ta, robar jikinta ta narke ta manne masa a yatsu, ya fizga da duk ƙarfinsa. Kukan famfon ya tsaya. Ya tura famfon cikin tanki, ya zame bargon daga kansa ya kifa shi a bakin ramin, ya danne da gwiwoyi biyu da ƙirji. Yana jin zafin yana ratso bargon. Ya ƙirga a ransa ba tare da ya san me yake ƙirgawa ba. Kujerar na ci a gefen fuskarsa, soso na ɗiga.

Ihun Yaya ne ya fito da makwabcinsu mai buga bulo, da yaransa biyu manya da shebur. Suka riƙa ɗebo jiƙaƙƙen yashi daga tulin ƙofar gidansa suna watsawa ta tagogin da Auta ya sauke, a kan kujera, a kan kafet, a kan Auta kansa. Mai bulon ne ya zura hannu ya zare makullin, sannan ya kamo Auta ta ƙugun wando ya jawo shi waje. Hayaƙi ya ci gaba da fita baƙi, daga baya ya koma fari, daga baya ya zama wari kawai.

Umma ta kawo ruwa a kwano ta sa hannun Auta a ciki. Yaya tana durƙushe a gaban keken Baba a cikin ruwa, tana cewa ita ce, ita ce ta jawo, Baba yana shafa kanta da hannun hagu. Auta ya tashi da kwanon a hannu ya zagaya ƙofar direba, ya durƙusa ya leƙa. Ga shi nan a jikin ƙarfen kujera, daidai inda idon sawun mutum yake sauka: ɗan makunni baƙi irin na fitilar gado, jar waya ta shiga ta fita. Bai bi ta akwatin fiyus ba ko kusa.

Ya roƙi mai bulon alfarma ɗaya. Mutumin ya ɗauki tsohon famfon daga tsumma, ya kai shi can ƙofar gida wurin tifarsa, ya ɗosana wayoyinsa a batir. Famfon ya yi kukansa na sauro, lafiya lau, har ya tofar da sauran man da ke cikinsa.

Auta ya zo ya tsaya a gaban Baba. Ruwa na zuba a kansu duka. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shekara nawa ke nan abin yana wurin. Baba ya daɗe yana haɗa bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito ba sai Umma ta fassara ba.

"Don... kai."

Rabin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga, ba a san ko dariya ba ce ko kuka. Sannan ya kama hannun Auta na hagu, wanda bai ƙone ba, ya riƙe bai saki ba har aka zo ɗaga shi.

A gaban tifar mai bulo suka tafi, Baba a tsakiya an tallafe shi, keken a baya a kan ragowar yashi. Sai da aka sauke rabin lodin kafin ta iya juyawa a layin, kuma a mararraba ruwa ya tsayar da su a bayan wata bas da ta mutu. Ɗaya saura kwata suka isa. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta ce likita ya tashi tun sha biyu da minti goma, ta tambayi kati. Umma ta ce ya ƙone a mota. Matar ta dubi hannun Auta a cikin ɗankwalin Umma, ta ce wannan dai a wuce da shi ɗaki na biyu yanzu, tsohon kuma a sake masa hotuna kafin wata uku.

Abin da aka rasa a ranar: kujerar baya da bayan ta direba, kafet, rufin ciki, sabon famfo da bai yi aikin minti ɗaya ba, bargon Baba, wayar Auta, girarsa guda da fatar yatsunsa uku, ambulan ɗin Umma da duk abin da ke ciki, da ganin likita, sai bayan wata uku.